Jan Zaren Kawu Modu

Duk wanda ya san Kawu Modu a Gashuwa ya san aljihunsa ba ya rabuwa da jan zare, kuma ba tela ba ne. In cutar tsatsa ta faɗa wa alkamar fadama, ganye ya yi ja kamar tsohon kwano, sai ya bi gona a durƙushe yana neman karan da ya tsira, ya ɗaura masa zare. Irin baɗi ke nan.

Ni lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai. Na ce, "Wayyo Kawu, kamar masoyi yana sa wa abar ƙaunarsa zobe!"

"Ke Hajara, tafi can! Wane masoyi ne ke sussuke budurwarsa a turmi?"

Da gangan yakan tsinko ganye mai tsatsa ya goga wa lafiyayyar shukarsa. Malam Bukar, maƙwabcinsa na gona, ya kama shi.

"Modu, ka haukace ne? Cuta kake shukawa?"

"Wadda ba ta gamu da ciwo ba, ta ina zan san ƙarfin jininta? Abin gado ne, Bukar. Kai ma tarin nan naka ai na babanka ne."

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa, matarsa Inna Falmata ta nufi tulun irin.

"Malam, tun jiya yaran nan ba su ga tuwo ba."

Kawu ya haye bakin tulun ya zauna. "Dafa ni, na fi auki."

Ba wanda ya yi dariya. Daga ranar ya riƙa tura wa yara rabonsa, ya yi ramar da bai ƙara murmurewa ba.

Shekara tara irinsa na tsaye, har Bukar ya zo roƙo. Sai ga wata sabuwar tsatsa wadda ba ruwanta da zare. Ina ɗakin mijina a Nguru aka aiko mini. Na tarar da gona ta yi jajir, Kawu a durƙushe.

"Ashe cutar ma tana koyon dabara, Hajara. Bakwai suka tsira. Zo ki ƙulla mini, yatsun sun ƙi."

Ni na ƙulla, ina kuka. Bai ga girbinsu ba.

Bana jikokin bakwai ɗin nan suna fadama, kore shar. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ranar tsayuwa kana cikin waɗanda suka tsira.