Kantar Kicin ɗin Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara tsayawa da ƙafata a sana'ar kafinta a Rijiyar Zaki, na ci alwashin yi wa mahaifiyata kantar kicin irin wadda nake yi wa matan birni. Tana ƙauyenmu ta wajen Tofa, bayanta ya fara ciwo, kuma har lokacin a durƙushe take yanka kuɓewa da wanke-wanke. Ni kuwa aiki ya riƙe ni, sai in yi watanni ban leƙa gida ba.

Ni ne ɗanta na fari, kun kuwa san yadda kunyar ɗan fari take a wajenmu. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta zama hira da ni, balle ta ce ta yi kewata. In tana da magana sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki ce wa wancan abincinsa na hucewa," alhali ina zaune a gabanta.

Na sayi allo mai kauri mai fomeka a sama, aka kai min har ƙofar gidanmu a ƙauye. Matsalar ita ce injin yanka. Irin wannan kanta rawuta take so, wato injin da ke cin katako ya fitar da baki sumul, yadda in an haɗa allo biyu a kusurwa ruwa ba zai sami hanyar shiga ba. Nawa ƙarami ne, na gyaran gefe kawai. Abokina da muka koyi aiki tare ya gargaɗe ni: "Wannan ɗan tsakon naka ba zai ci allon nan ba. Ka nemi babba mai dogon haƙori, ka haɗa da allon jagora." Ni gwani, na ce masa ai aiki a hannu yake, ba a inji ba.

Ranar farko haƙorin ya yi zafi ya ƙona bakin allon, fomekar ta ɓantare. Dole na koma ci kaɗan-kaɗan, ina tsayawa inji ya huce, ga janaretan da na aro wajen masu noman rani shi ma sai tari yake. Aikin yini guda ya koma na kowace Juma'a, da an sauko masallaci sai in kama hanyar gida.

Inna kuwa ta naɗa kanta sufeto. Sai ta jawo 'yar kujerarta bakin madafa tana tsince wake. "Ki ce wa mai aikin nan wajen can ya yi tudu." In na gyara, wani makon ta ce ya yi kwari. "Ki tambaye shi ko da gangan ya bar kaifin nan don ya yanke ni." Raina na ɓaci ina haɗiyewa, ina goga samfefa. Tsakanin ƙorafi da ƙorafi kuma sai ta shiga ba ƙanwata labari: yadda marigayi mahaifinmu ya zo zance da aron keke, da yadda wani yaro mai taurin kai ya taɓa bin akuya har ya ɓata a gonar dawa. Ƙanwata ake ba labarin, amma da muryar da za ta tsallake ƙarar janareta. Kafin in tafi an dama fura, an ƙulle min ƙuli-ƙuli a leda.

Da na gaji, na sauke girman kai na je wajen abokina. Ya yi dariyarsa ya more, sannan ya ba ni babban injin da janaretan da zai iya ɗaukarsa. Juma'ar da ta biyo baya na kai su gida, kafin magariba na yanke, na haɗa, na fitar da ramin kwanon wanke-wanke. Mahaɗar ko allura ba za ta shiga ba.

Inna ta taso ta bi kantar da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, ta sake dawowa. Ba ta sami komai ba. Sai ta ɗago ta dube ni, ni da kaina, ba ƙanwata ba.

"An gama ke nan?"

Na ce an gama, Inna, ina washe baki ina jiran yabo. Ta ce Allah ya yi albarka, ta shige ɗaki.

Sai bayan rasuwarta ƙanwata ta warware min. "Yaya, kai ba ka gane ba? Tun Alhamis take zagaya kantar nan tana neman abin da za ta ce bai yi ba. Ranar da ka shigo da babban injin, ce min ta yi, wa ya ba shi wannan abin?"

Yanzu ina da rawuta manya da ƙanana, kuma duk wanda ya tambaye ni wanne ya dace da kantar kicin, gaskiya nake gaya masa: babba, ya gama da wuri ya huta. Amma ina kewar Inna ƙwarai, musamman ranar Juma'a in an sauko masallaci na rasa inda zan nufa. Na yi wa mutane kanta ba adadi, kowa ya yaba ya sallame ni. Har yau ban sake samun mai kushe aikina don in dawo ba.