Gawarwakin da suka ƙi taka gyaɗa

Mun tashi daga unguwar Yalwawa a Dutse ana idar da sallar asuba, mu huɗu a wata tsohuwar mota: ni, da direba, da ƙanwata mai yi wa 'yan wasa kwalliya, da mai kyamarar da na ɗauko daga Kano na yini ɗaya tak. A bayan mota akwai buhun toka da jarka biyu na zoɓo mai kauri. Zoɓon nan shi ne jininmu.

Abin da ya fito da mu wani tsohon fim ne na Amurka, baƙi da fari, wanda matattu ke tashi su kewaye wani gidan gona. Da na girma na ji cewa waɗanda suka yi shi ba masu kuɗi ba ne, maƙwabtansu suka shafa wa fenti suka zama gawarwaki, jinin ma cakulan ne. Na ce wallahi mu ma sai mun yi namu.

Hanyar Kiyawa lafiya lau. Sai da muka sauka daga kwalta muka san damina ta yi aikinta, sau biyu muna fitowa turi. A wata 'yar kasuwa muka karya da kunun tsamiya da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu.

Da hantsi muka isa ƙauyen kawuna. Mai unguwa ya gindaya sharaɗi: ba likkafani, ba kusantar maƙabarta. Muka amince. Manoma goma sha biyu suka yarda su zama gawarwaki, ƙanwata ta bi su da toka da zoɓo har jikokinsu suka watse da gudu.

Aikinsu kawai su ratso gonar gyaɗar kawu su nufo wata bukka. Suka taho suna gurnani, hannuwa a miƙe, amma duk wanda ya zo kan kunyar gyaɗa sai ya ɗaga ƙafa a hankali ya tsallake. Sau biyar ana maimaitawa, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Mai kyamara ya fusata. "Gawa ta san gyaɗa ne? Ku tattake ta mana!"

Wani dattijo, fuska duk toka, ya sauke hannuwansa. "Ɗan nan, ko a mace nake ba na taka abincin wani."

Kawu ya ja ni gefe ya ce in dai fim ɗin zai yi kyau, a taka layi biyu, ya yafe. Na dubi gyaɗar, ta fara fure, kuma na san da ita zai ciyar da gidansa. Kunya ta kama ni, sannan haushi. Mai kyamara ya ce Turawa ba haka suke yi ba, ko a taka ko ya naɗe kayansa. Na ce ya naɗe. Ya kuwa naɗe ya shige mota.

Na ciro wayata na ce, "Baba, ku taho yadda kuka saba." Da na ga tsofaffin nan a fuskar waya, fari fat ƙarƙashin baƙin hadari, suna tsallake shuka ɗaya bayan ɗaya kamar matattun da ba su manta gona ba, sai na san na samu fim ɗina. Ina gama ɗauka ruwa ya sauko ya wanke tokar.

Mun shigo Dutse da magariba. Abin da na koyo shi ne, da maƙwabtanka za ka yi fim, kuma yadda suke za ka ɗauke su. Fim ɗina minti tara ne, hoton yana rawa, ba zan gyara ko taku ɗaya ba. Wanda yake son gawa mai tattake gyaɗa, ya kai ta gonar ubansa.