Ranar da Talatu Ta Wuce Ƙofar Gwaggonta

Talatu ɗiyar ƙanwata ce, a ƙauyenmu na bakin tafkin Gidimuni aka haife ta. Ni sunana Zakari, mai lambu ne, dabino da rake da ɗan albasa. Lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta taka kara ta karya ba, rubutun ma sai a hankali. Amma ina so labarin yarinyar nan ya zauna a takarda, don da idona na gani, kuma hannuna ya shiga ciki.

Ubanta ya rasu tana ƙarama, sai yayarsa Kaltuma ta ɗauke ta riƙo. Gwaggo Kaltuma mace ce mai zafi, amma ita ta goya Talatu, ita ta tsaya sai da aka sa ta lakwal. Yarinyar ba ta da surutu, sai tambaya. In aka yi rasuwa ta ce me ya kashe shi, a ce mata kwana ne ya ƙare, sai ta ce to, amma me ya kama shi kafin kwanan ya ƙare? Ta sha dundu a kan wannan.

Ta girma, ta je Damagaram ta koyi aikin jinya, aka tura ta likitar garin Dogo, wato asibitinsu. Can ta auri Hamisu, malamin lakwal, suka sami yara biyu. Wata rana ta zo gaishe ni a lambu, ta ce, "Kawu, yaran da na ba magani bara su ne suka dawo bana, da ciwon nan dai. Na gaji da goge ruwa a ƙasa, so nake in ga inda randar ke yoyo."

Haka ta bar yara wurin mijinta, ta tafi Yamai neman abin da suke kira mastar. Sunan karatun da Faransanci ya fi ƙarfin bakina. Yadda ta fassara mini, bin sawun cuta ne da lissafi: daga ina ta fito, wa take kamawa, mutum nawa cikin nawa. Wurin aikinta sun ba ta shekara biyu, ba ƙari. In ta gama, ta dawo da takarda. In ba ta gama ba, ta dawo hannu biyu ta ci gaba da allura.

Takardar kuwa ba a ba da ita sai an cika sharuɗɗa. Akwai darussa da jarrabawa, akwai lissafin da ake yi a ordinata, wato kwamfuta, wanda ta ce shi ya fi ba ta wuya, sau biyu tana zama masa kafin ta haye. Akwai zuwa a zauna ƙarƙashin manya a koyi aiki da hannu. Na ƙarshe shi ne babba: mutum ya fita da kansa ya binciki cuta ɗaya a wuri ɗaya, ya rubuta littafi, memuwar suke ce masa, sannan ya tsaya gaban malamai su yi ta jifansa da tambaya.

Talatu ta zaɓi tsargiya, kuma ta zaɓi ƙauyenmu. A nan bakin ruwa yaro ya yi fitsari ja ba abin mamaki ba ne, wasu ma cewa suke ya fara zama namiji. Malaminta, Mushe Idirisu (Mushe muke ce wa malamin boko), ya sa ordinata ta tsamo mata gidajen da za ta shiga ta gwada fitsarin yara, ya ce waɗannan kawai, kada ta ƙara, kada ta rage.

To, shi a Yamai yake. Ita kuwa 'yar gari ce. Yaya za ta bi ta ƙofar gwaggonta ba ta shiga ba? Ta shiga. Gwaggo ta jawo jikanta mai fitsarin jini ta ce a fara da shi. Daga nan sai gidan inna, sai gidan yaya, sai gidan wadda ta shayar da uwarta. Kowace mai yaro marar lafiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kira, "Talatu, mu ba dangi ba ne?" Duk ta shiga, duk ta rubuta. Ni ma gidana ta shiga, kuma ni na kira ta.

Da ta kai wa Mushe Idirisu lissafin, ya duba, ya cire madubin idonsa ya ce, "Madam Talatu, ƙauyen naku a cikin tafkin kuke kwana?" Adadin ya yi yawa ƙwarai. Ya tambaye ta yadda ta shiga gidajen, ba ta ɓoye ba. Ya ce, "Zumunci kika yi, kuma zumunci abu ne mai kyau, amma ba shi zan kai gaban malamai ba. Masu ciwo ne suka zaɓe ki, ba ke kika zaɓi gidaje ba. Ki koma ki sake daga farko." Shekarunta biyu kuwa saura kaɗan su cika, zaman malamai na ƙarshe bayan Sallah ne da 'yan watanni.

Cikin azumi ta dawo, ta rame. Ta same ni ina ban ruwa, ta zauna a gindin dabino.

"Kawu, in na shiga gidan Gwaggo aikin ya sake ɓaci. In na wuce, na zama yarinyar da ta manta bayan da ya goya ta."

Na ce, "Ki gaya musu ordinata ce ta zaɓa."

"Na gaya musu. Gwaggo ta ce ordinatar uwar wa ce a garin nan? Wai ni na raɗa mata sunayen waɗanda nake so."

Na ci gaba da ban ruwa. Sai ta miƙe ta karkaɗe zani ta ce, "Ba zan koma Dogo hannu biyu ba. Ko da gaisuwa za ta yanke tsakanina da rabin garin nan, sai na yi shi daidai."

Ranar jajibirin Sallah muka yi watanda kamar kullum. An haɗa hannu an sayi sa, Ɗanƙarami mahauci ya yanka ya kasa naman kashi-kashi a kan tabarma. Ɗanƙarami ɗan Gwaggo Kaltuma ne, ke nan taubashin Talatu, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Kowane mai kashi ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani ɗan dutse, aka tara, aka kira wani baƙo mai wucewa da bai san ta kowa ba, ya bi yana aza alama a kan kowane kashi. Talatu ta zo karɓar na Gwaggo, sai ta tsaya tana kallo.

Ɗanƙarami ya ce, "Lokotoro mai allura, fitsari ya ƙare ne kika dawo ƙirga tsoka?"

Ta ce, "Kai dai gaya mini, ɓarawon hanta. Wancan kashin ya fi wannan kitse. Me ya sa ba wanda ya yi faɗa?"

"Da wa zai yi faɗan? Ba wanda ya zaɓa masa. Rabonsa ne ya fito."

Ta ɗauki naman ta tafi ba ta ko rama tsokanar ba. A ranar ta buga wa malaminta waya. Ya saurara, ya ce ya yarda, da sharaɗi uku: kowane gida na ƙauyen ya shiga, alamun su zama iri ɗaya yadda hannu ba zai bambanta su ba, mai ɗauka kuma kada ya gani.

Bayan Sallah mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa, mata suka tsaya daga baya. Talatu ta zo da ƙwallayen dabino daga lambuna, ta ba kowane gida ɗaya, ta ɗiga masa lamba da jan farce a gaban mai shi, ya jefa cikin ƙwarya da hannunsa. Ɗanƙarami ya zo da ƙwallon goruba a aljihu, wai shi nasa ke nan.

Talatu ta ce, "Mayar da kanka aljihu, ga naka irin na mutane."

Aka yi dariya. Daga nan ta yi bayani a taƙaice. Ta ce gidan da ya fito za ta shiga da safe da farar riga, ta gwada yaransa duka, masu ciwo da masu lafiya, ta rubuta. Gidan da bai fito ba, duk mai yaro marar lafiya ya jira la'asar, za ta duba shi ta haɗa shi da magani, amma ba zai shiga littafi ba.

Da aka zo batun wa zai ɗauka, mai gari ya ce, "Zakari. Shi ko da akuya ba ya faɗa." Aka naɗe mini ido da rawanina. Na sa hannu a ƙwarya. Ƙwallayen duk ɗaya suke, santsi, ba wanda ya gaya mini na wa ne. Ina ɗauka ina miƙawa, Talatu tana kiran lamba, mai gidan yana amsawa. Ina jin tarin Kaltuma a bayana, na san ta matso. Har Talatu ta ce, "Ya isa, Kawu." Nawa bai fito ba. Na Kaltuma ma bai fito ba.

"A sake!" in ji Kaltuma.

Mai gari ya ce, "Inna Kaltuma, tun da kike, kin taɓa ganin an sake watanda?"

Ta ja mayafi ta tafi.

Washegari na raka Talatu, ina riƙe mata akwatin kwalabe. Gidan farko da ya fito yana bayan na gwaggonta, ba wata hanya sai ta ƙofar. Muka tarar da Kaltuma a tsaye a bakin zaure, ga jikan a gefenta. Talatu ta durƙusa a tsakiyar hanya, farar rigarta har ƙasa.

"Gwaggo, ina kwana."

"Shigo ki gaishe ni a ciki, kamar yadda na koya miki."

"Sai la'asar, Gwaggo."

"Talatu, bayan nan nawa ne ya ɗauke ki."

"Na sani, Gwaggo. Sai la'asar."

Ta miƙe ta wuce. Na bi ta da akwati. Da la'asar ta cire farar riga, ta ɗaura zani ta koma. Kaltuma ta turo yaron zaure aka duba shi, ita kuwa ba ta fito ba. Haka aka yi ta yi har aikin ya ƙare: kullum la'asar Talatu tana zaure tana gaisuwa, kullum ba amsa daga ciki. Sauran dangi kuwa ba wanda ya ƙara tare ta a hanya, don kowa ya ga ƙwallonsa ya shiga ƙwarya, kuma ya ga an wuce ƙofar Kaltuma ma.

Ranar da ta tsaya gaban malamai ban je ba, Yamai ta yi mini nisa. Hamisu ya je, shi ya ba ni labari. Ya ce adadin ya sauko sosai daga na farko, kuma ya nuna ciwon ya fi yawa a gidajen da yara ke shiga ruwa su ɗebo na ban lambu. Wata tsohuwar malama ta daɗe tana tambaya a kan ƙwaryar: wa ya riƙe, wa ya ɗauka, an bar wani gida a waje? Talatu ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Suka fita suka yi shawara, suka dawo suka ce ta ci.

Da ta sauka daga mota ba ta biyo ta gidana ba, ni na bi ta. Kai tsaye gidan gwaggonta ta nufa da takardar a hannu, ta yi sallama ta shige har tsakar gida. Kaltuma tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Yau ƙwallona ya fito ke nan?"

"Yau ba ƙwarya, Gwaggo. Da ƙafata na zo."

Kaltuma ta dubi takardar, ta juya ta, ta miƙa mini don ita ba ta karatu. Sannan ta matsa gefe a kan tabarma, ta tura mata faifan waken.

"Zauna ki tsince. Kuma kada ki ce mini sai an rufe miki ido."

Yanzu Talatu tana aiki a Damagaram, ofishin masu bin sawun cututtuka. Ƙwaryar tana ɗakina, iri nake zubawa a ciki.