Jar Fatar da Na Naɗa wa Kondensa

Assalamu alaikum, edita. Lokacin da wannan abu ya faru ni matashi ne mai gyaran rediyo a Kalgo, da ɗan shagona a bakin kasuwa da girman kan da ya fi shagon. Tun ranar da na haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, da hannuna, irin ta da ɗin nan mai bawul na gilashi da ke yin ja in sun ɗau zafi, na ɗauka babu sauran wanda zai gaya mini wani abu. Ga gaggawa. Ban iya zama wuri ɗaya ba, ban iya jira ba, kuma halin nan ne ya ja mini abin da har yau nake juyayinsa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne ladanin wani masallacin unguwa a Gwandu. Ladancin gado ne, mahaifinsa ya riƙe shi tun shigowar Turawa. Tsufa ya fara cin muryar Kawu, ciwon gwiwa ya hana shi hawa hasumiya, har wasu sun fara gunagunin a nemi wani. Na ce ba da raina ba. Masallacin yana da ɗan injin wuta da wani bawan Allah ya ba da sadaka, don haka na yi alkawarin haɗa masa amfilifaya da lasifika, a ji shi har bayan gari.

A cikin irin wannan na'ura akwai kondensa, wani dogon gwangwani da ke tara wuta mai ƙarfi yana tace ta don kada lasifika ta riƙa gurnani. Kowace an rubuta a jikinta iyakar wutar da za ta iya ɗauka. Wadda aikin ke bukata sai an yi saƙo Sakkwato, a zauna jira. Ni da jira? Haba! Sai na ɗauko ƙanana biyu na jera su, su raba nauyin. Dabarar tana aiki, amma tana da sharri: gwangwanin ta biyun shi kansa yakan ɗau wuta. Kamata ya yi in rufe ta cikin akwatin, to babu wuri sai kusa da bawul, zafi kuwa kashe kondensa yake yi. Sai na kafa ta tsaye a saman akwatin bisa ɗan katako, na sa baduku ya ɗinka mata riga ta jar fatar akuya, har da ado. Na kunna, na damƙe ta da hannuna, ban ji komai ba. Bazara ce, fatar a bushe take ƙayau.

Kawu ya yi murna kamar ya goya ni. Na tsaya na ga yadda yake kira: makirfo a hannun dama, hagu kuma ya dafa jar fatar nan kamar kan sanda, saboda gwiwa. Na gani da idona, wallahi, har daɗi na ji. Da na sake kai ziyara bayan ruwan farko, ya ja ni gefe ya ce abin nan nawa yakan ɗan cije shi, yakan ji zuuu har kafaɗa. Na yi dariya, na ce sanyin ƙashi ne irin na tsofaffi, aikina ba ya cizo. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Da damina ta kankama, wata rana bayan azahar na ɗauki jakar fatar da nake zuba kayan aiki. Ruwa bai taɓa ta ba, amma na ji ta yi laushi, ta sha danshi luɓus. Nan take na tuna rigar kondensar nan. Fata tana shan danshi. Kawu kuma daga alwala yake zuwa, hannu a jiƙe, ya dafa waccan, ɗaya hannun a kan ƙarfen makirfo. Innalillahi! Ko shago ban rufe ba. Na ari babur ɗin maƙwabcina na kama hanyar Gwandu, ina duban rana ina lissafin la'asar. Hanya ta caɓe, babur ya mutu a cikin wani kwazazzabo, na tura shi ina zage-zage ina addu'a a haɗe. Duk wanda ya gaishe ni ban amsa ba.

Ina shiga gari na ji muryarsa ta tashi a lasifika, tas da ita. Ya yi kabbara, ya soma shahada, sai na ji tim, sai gurnani kawai.

Allah ya yi da sauran kwana. Na tarar an kwantar da shi a zaure, tafin hagunsa ya ƙone, hannun kuma bai ƙara komawa daidai ba. Wasu na cewa iska ce, wasu hawan jini. Ni kuwa na ɓoye abin da na sani, ina kai da kawo tsakanin zaure da ƙofar gida, abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙaurace mini. Sai da ya ɗan farfaɗo ya kira ni, ya gaya mini abin da ya ɓoye wa kowa. Ya ce tun da ruwa ya sauka, duk sa'ad da ya ɗaga murya sai wani abu ya doke shi har zuciya. Tunda na ce ba na'ura ba ce, sai ya koma binciken kansa. Ya bi maƙwabta gida-gida yana neman gafara, ya ƙara nafila, abin bai daina ba. Daga nan ya sakankance Allah ne ba ya karɓar kiransa, shi ya sa ya riga ya aika wa liman a ba wani ladancin.

Na durƙusa na faɗa masa gaskiya duka. Ya tambaye ni har sau biyu ko da gaske fatar ce kawai. Da na ce ita ce, sai hawaye suka zubo masa, yana ta hamdala. Bai zage ni ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na canza kondensar, na roƙe shi ya koma, ya ce babba ba ya magana biyu, an riga an naɗa wani.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku nemi kondensar da ta fi ƙarfin wutarku ko da za ku jira ta wata guda. Ku rufe ta inda hannu ba ya kai, nesa da zafi, kada ku amince wa fata ko tsumma, kuma ku tuna a wace kaka kuka gwada aikinku. In mutum ya ce abu na cizonsa, ku buɗe akwati kafin ku buɗe baki. Kawu ya rayu shekaru bayan haka a sahun farko. Duk lokacin da sabon ladani ke kira da amfilifayar da na gyara, nakan ga leɓɓansa suna motsi, yana riga shi kowace kalma.