Ni Na Wanke Mahaifiyata a Zangon Yendi

Edita, yau ni tsohuwa ce a Bawku, amma abin da zan faɗa wa masu karatu ya same ni ne ina matar aure da goyon fari a zangon Yendi, 'yan shekaru bayan Jamus sun tattara nasu sun tafi. A lokacin ni mace ce mai ji da kanta. A Salaga aka haife ni, mahaifina Bakatsine ne mai fataucin goro, kuma ina ganin babu wadda ta fi ni zama 'yar zango. Da kasuwar Salaga ta mutu ya kwaso mu zuwa Yendi, a nan ya rasu, aka rufe shi a tsakiyar maƙabarta kusa da manyan unguwa. Mutanen da suka yi masa wannan karamci su nake ɗauka dangina, ban taɓa kawo wa raina cewa karamcin ya tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Mahaifiyata ba Bahaushiya ba ce. Mahara ne suka ɗauko ta tana yarinya daga ƙasar Kusasi, aka sayar da ita a Salaga, daga baya mahaifina ya 'yanta ta ya aure ta. Tana da tsage a kumatunta, saboda haka a zango ba a kiranta da komai sai 'yar Gurunshi, domin a wurinsu duk mai tsage da ya fito daga wancan ɓangaren abu ɗaya ne, ba su damu su bambance ba. Hausar zango kowa tasa a karkace take, an cakuɗa ta da Dagbanci da Gwanjanci, amma tata ce kaɗai ake kwaikwayo ana dariya. Ita kuwa Inna ta ɗauka idan ta fi kowa riƙe al'adar Hausa wata rana za a manta. Ni ce 'yarta ta fari, kuma kunyar ɗan fari ta riƙe ta fiye da Hausawan asali. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cin abinci kwano ɗaya da ni ba, idan muna magana gefe take kallo. Har na yi aure ban san taushin hannunta ba. Idan aka yi rasuwar mace a zango kuwa, ita ce ta farko da za ta iso da tulu a kai, ta hura wuta, ta ɗuma ruwa, ta tsinko ganyen magarya. Amma a bakin ƙofar ɗakin gawa ake karɓar ruwan daga hannunta. Shekara da shekaru ina ganin haka, na ɗauka tsari ne na manya da ƙanana.

Inna ta rasu da hantsi a tsakiyar bazara, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Mijina ya bi shanu Kumasi, ba ni da wa, ba ni da ƙane. Na rufe ta da zane, na goya ɗana a baya, na nufi gidan tsohuwar da ke yi wa matan zango wankan gawa, wadda tun ina ƙarama nake ce mata Gwaggo. Na durƙusa na faɗa mata. Ta yi salati, ta yi mini gaisuwa da kyau, sannan ta dafe ƙugu ta ce ai yau ta tashi da ciwon baya, ko tsayuwa ba ta iyawa. Turmi na gabanta, tabarya na jingine, hatsin da take surfawa bai ko huce ba. Ta ce in je wurin wance. Na je wurin wance, ta ce ba ta da tsarki, alhali a shekaru matar ta isa ta haifi uwata. Ta uku ce ta tausaya mini ta faɗi gaskiya. Ta jawo ni gefe ta ce in yi haƙuri, mata sun daɗe suna magana a kan Inna, babu wanda ya ga ranar da ta musulunta, kuma irin mutanensu ko sun yi salla a fili, a ɓoye ba sa rabuwa da tsafin gidansu. Ta ce me zai hana in nemi 'yan'uwanta masu tsage da ke dako a kasuwa su ɗauke ta su yi mata irin nasu.

Na tuna mata cewa matar nan ta yi azumi tare da su, ta ɗebo ruwan wankan uwayensu. Ta ce ai ɗebo ruwa daban, wannan daban.

Babban abin da nake nadama a rayuwata shi ne abin da na yi bayan wannan magana. Maimakon in gane, sai na ci gaba da bin gidaje ina durƙuso. Ina shiga ina ambaton sunan mahaifina, ina tuna musu goron da ya raba, ina roƙo kamar wadda ta yi laifi. Rana ta take, ɗana yana kuka a bayana, mahaifiyata tana kwance ita kaɗai a ɗaki mai zafi, ni kuma ina yawon neman a yarda cewa mutum ce. Duk wanda ya san bazarar Yendi ya san gawa ba ta jira. Da na leƙa gida na ga ƙudaje sun fara taruwa a bakin labule, a nan kukan da nake yi ya tsaya mini. Na ce yau ko zango zai tashi, Inna ba za ta shiga ƙasa ba wanka ba salla ba.

Na wuce kai tsaye zauren liman, wurin da mace ba ta shiga sai da aike. Yana zaune da dattawa, na yi sallama na tsaya. Na ce Allah gafarta Malam, mahaifiyata ta rasu tun hantsi kuma an ƙi wanke ta. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji labari, shi a shirye yake ya sallace ta da zarar an shirya ta, amma wanka sha'anin mata ne, ba ya son ya sa baki. Na tambaye shi ko a cikin littattafan da ke gabansa akwai inda aka hana 'ya ta wanke uwarta. Ya ce babu, al'ada ce kawai ta sa ake bar wa tsofaffi. Na ce to ni zan yi, sai dai ban iya ba, domin ni ma ba a taɓa barina na wuce bakin ƙofa ba, sai yau na gane dalili. Na ce ko dai ya tura wadda za ta yi, ko ya taso ya koya mini, in ba haka ba a nan zan tsaya har gawar ta lalace, kowa ya san a zamanin limancinsa aka yi. Wani dattijo ya daka mini tsawa ya ce ga irin abin da ake gudu ke nan, jini ba ya ɓuya. Ban ko dube shi ba. Liman ya laluɓi sandarsa ya miƙe.

Aka ajiye masa kujera a tsakar gidanmu, ya zauna ya juya wa ɗakin baya. Ina bukatar mai zuba mini ruwa, ga matan zango cike da ƙofar gida suna leƙe, babu wadda ta motsa. Maƙwabciyarmu ce, wata 'yar Dagomba mai sayar da man kaɗe, ta karɓi ɗana ta miƙa wa surukarta, ta ɗaura ɗamara ta ɗauki ƙwarya. Liman yana faɗa da ƙarfi daga waje, ni ina yi a ciki. In yi niyya, in rufe mata jiki da zane, in naɗe hannuna da ƙyalle, in yi mata alwala, in fara da dama. Haka na bi har na zo fuskarta. Ranar ce na fara kallon mahaifiyata ido da ido, ranar ce na fara taɓa kumatunta. Na bi tsagen nan da yatsana ina wankewa da ruwan magarya, na ga ashe an yi su da kula, layi-layi daidai, wata uwa ce ta riƙe ta aka yi mata don a san tata ce. Na tsefe mata kai, na wanke, na kitse kamar yadda liman ya ce. Na yi mata magana a hankali, na faɗa mata sunana da bakina, tunda ita ba ta taɓa samun damar faɗa ba.

An sallace ta bayan la'asar. Maza sun fito saboda liman ya tsaya a gaba, sahun bai kai rabin na mahaifina ba, amma an yi. Abin da ban ci nasara a kansa ba shi ne kabari. Mata ba sa bin gawa, sai daga baya na ji cewa a can gefe aka haƙa mata, wajen da ake sa baƙi da waɗanda ba a san asalinsu ba, nesa da mijinta. Wannan yana ci mini rai har gobe. Washegari matan suka shigo gaisuwa da ƙoƙon hatsi, har da mai ciwon baya, suna cewa Allah ya ji ƙanta, mace ce mai hidima. Na amsa da amin.

Da mijina ya dawo na ce masa na gama zaman Yendi. Muka komo Bawku, inda masu irin fuskar Inna suka cika kasuwa. Na nemi malama na zauna na koyi wankan da kyau, na kuma sa aka sanar cewa duk macen da ta yi salla ta mutu ba ta da mai wanke ta, a zo a kira ni. Na wanke Mosawa, na wanke Kusasi, na wanke Busanga, na wanke Hausawa 'yan'uwan ubana. A nan ma na tarar da irin wancan hali, sai dai sunan waɗanda ake rainawa ne yake canzawa daga unguwa zuwa unguwa.

Abin da na koya shi ne, wanda ya raina asalinka hidima ba ta sauya masa ra'ayi, yana karɓa ne yana ƙara ganin wurinka ke nan. Inna ta ba su ƙarfinta, ta hana kanta kiran sunan 'yarta don ta yi kama da su, duk bai saya mata ƙwarya ɗaya ta ruwa ba. Ina jan kunnen 'yan'uwana mutanen zango, ku da kuke auren 'ya'yan mutanen ƙasa, kuna cin abincin hannunsu, kuna kuma kiransu da sunayen raini a bayan ido, ku sani 'ya'yansu suna ji, kuma za ku tsaya gaban Allah da shakkar da kuka jefa a kan imanin wani. Ku kuma masu uwa irin tawa, kada ku jira ranar mutuwa kafin ku gane matsayinta a wurin mutane, kada ku bar kunya ta hana ku riƙe hannunta tana da rai. Ni dai na zaunar da 'ya'yana mata na koya musu wankan nan tun daga niyya har likkafani, domin ranar da tawa ta zo, kada ɗayarsu ta durƙusa a ƙofar kowa.