Sallama Ta Cikin Tsoka

A shekarata ta ƙarshe a karatun injiniyan lantarki, hutun kaka ya same ni a gida, a Yammedi, aikina yana cikin kwalin takalmi. Wani ɗan allon lantarki nake haɗawa, irin wanda likitoci ke dasa wa kurma ƙarƙashin fatar bayan kunne. Ba ya da batir. Wuta da sauti tare suke ratsa fata, daga naɗin waya na waje zuwa na ciki. Nawa sashen shi ke tsamo sautin daga cikin wutar.

Ta cikin iska yana aiki. Ta cikin nama ne ban sani ba.

Ranar kasuwa na tafi Rogo, na sa mahauci ya yanko mini tsoka mai faɗi, kaurin yatsa.

"Hajiya, tsire za a yi?"

"Magana zan aika ta cikinta."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ƙara mini gyara.

Da la'asar na shimfiɗa tsokar a inuwar darbejiya, naɗi ɗaya a samanta, ɗaya a ƙasa. Matan gida suna ɓarar gyaɗa. Baffa, yayan mahaifina, malami ne da zazzaɓi ya ɗauke wa ji tun ina goye. Ya jawo buzunsa kusa.

Na yi sallama a makirufo. Ƙaramar sifikar da na haɗa da naɗin ƙasa ta yi shuuu, kamar ruwa na sauka a wani gari. Na matsar da naɗin kaɗan, na sake. Sai ga muryata, siririya, kamar daga ƙasan rijiya. Hannayen mata suka tsaya cak a cikin ƙwarya.

Baffa bai ji ba, fuskokinsu ya gani. Ya ɗora yatsa a kan sifikar.

"Maimaita, 'yata."

Na maimaita yana kallon bakina. Ya amsa da ƙarfi, har kaji suka watse.

"Nawa kunnen bai tsufa da wannan ba?"

Na rubuta masa a ƙasa da ajami cewa likita ne zai sani, ba ni ba. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya shafe da tafin hannu.

"To, karanta mini Fatiha."

Na fara a hankali. Ya lumshe ido, yatsansa na kan sifikar, leɓunansa suna biye da ni aya bayan aya. Inuwar ta janye daga kanmu, awaki suka shigo daga kiwo, babu wanda ya tashi ya ɗaure su.