Ƙararrawar Kaka Mai Kiran Gida Biyu

Wata Asabar da damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya dawo daga kasuwa da ƙararrawa mara waya a aljihu. Kaka ce ɓarin jikinta ya shanye, muryarta ta dushe, mu kuwa kullum muna gona ko bayan gida wajen surfe. Aka rataya mata ɗan rimot a wuya da zare, aka kafa akwatin da ke kuka a jikin rumbu.

Ashe maƙwabciyarmu Maman Rahila, 'yar Kambari daga Nasko, tana da irinta sak a rumfar injin niƙanta, don masu kawo hatsi su kira ta. Kaka na dannawa sai gida biyu su ɗauka. Da farko Maman Rahila takan fito ta tarar ba kowa, ta koma tana mita. Da ta gano, sai ta riƙa shigowa da tiren gyaɗarta, ta juya Kaka, ta zauna tana ɓara suna hira, Kaka na tsokanar Hausarta ita kuma tana ramawa.

Baba ya ji nauyi, ya ce muna wahalar da baiwar Allah. Ya buɗe rimot ɗin da akwatin, ya nuna mini wasu 'yan makunnai a jere, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce sai jerin ya zo ɗaya a duka biyun suke jin juna, kuma daga kamfani duk ƙasa ake barinsu, shi ya sa namu ya yi daidai da nata. Yatsunsa sun yi kauri, ni na tura wasu sama da tsinken tsintsiya. Muka gwada, gidanmu kaɗai ya amsa, har na yi tsalle.

Sai Kaka ta daina dannawa. Ran nan ina shafa mata man zafi ta ce, "Ƙawata, ku da kofin ruwa kuke zuwa, ita da hira." Na gaya wa Baba. Ya ce in mayar da 'yan makunnan yadda suke a da. Da yamma Maman Rahila ta shigo tana faɗa wai an raba ta da abokiyarta.

Kaka da Maman Rahila dukansu sun rasu. Yau kowa da lambar wayarsa, kira ba ya ɓatan hanya, kuma ban san sunan wadda muke katanga ɗaya da ita ba. Ina kewar waccan unguwa ƙwarai.